Rai Talatin: Wasannin Kaset da Sigoginsu a Idon Wani Ɗan Ruwan Gizo

Kaset ɗin rawaya ne, bai cika tafin hannun babba ba. An manna masa takarda mai hoton sojoji biyu da wani gajeren mutum mai gashin baki da jar hula, a samansu kuma an jera lambar tara har sau bakwai, wai adadin wasannin da ke ciki ke nan. Irinsa ya cika kasuwannin ƙasar Hausa a shekarun 1990, kuma duk yaron da ya taɓa zura shi a bakin na'ura ya san lambar nan ƙarya ce tsagwaronta: wasannin ba su fi a ƙirga da yatsun hannu da na ƙafa ba, sai dai an yi ta maimaita su da sababbin sunaye, wani a fara shi daga mataki na uku, wani a sauya wa sararin samaniyarsa launi. Manazarta Hausa sun yi rubutu mai yawa a kan langa da dara da 'yar carafke, sun kuma bi finafinan Indiya har cikin ɗakunan matan aure, amma wannan ɗan kaset da ya cinye yammacin yara masu yawa bai sami ko ɗan gefen shafi ba.

Akwai wani malamin Hausa a wata makarantar sakandare, haifaffen Ruwan Gizo ta ƙaramar hukumar Talatar Mafara, wanda abin ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya. Kawunsa, mai kai shinkafar fadamun Bakolori Kano, shi ya sayo na'urar a kasuwar Sabon Gari cikin 1996, shekarar da aka yanke jihar Zamfara daga Sakkwato. Gidansu ba lantarki. Da batirin mota ake kunna ƙaramar talabijin baƙi-da-fari, ran Talata kuwa a ɗora batirin bayan keke a kai shi Mafara caji, tunda dama ranar kasuwa ce. Saboda haka wasa yana da ƙa'ida tun kafin a kunna shi: in manya za su ji labarai da dare, yara ba su isa su shanye wutar da rana ba.

Na'urar kwaikwayo ce ta Famicom, wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan cikin 1983, ya kuma kai ta Amurka cikin 1985 da sabon jiki da sabon suna, NES. Bambancin bai tsaya ga suna ba. Kaset na Japan haƙora 60 gare shi, na Amurka 72, kuma a cikin ta Amurka an dasa wani ɗan makulli da ke ƙin karɓar kaset ɗin da kamfanin bai yarda da shi ba. Ta Japan ba ta da wannan makulli. Masu kwaikwayo na Taiwan da Sin kuwa ba su da dalilin wahalar da kansu, sai suka bi ƙofar da take buɗe. Sakamakon haka shi ne yaron Ruwan Gizo ya tashi da wasannin Japan, da rubutun da ko limamin gari ba ya iya karantawa, ya kuma ƙware a wasu da takwaransa na Amurka bai taɓa gani a kanti ba. Battle City na kamfanin Namco, na 1985, ba a sayar da shi ga masu NES na Amurka ba, amma a nan shi ne abin da ake kira “tanka”, yawanci ma ba na asalin ba, wanda wasu Sinawa suka yi wa ƙari suka kira Tank 1990, inda tanka kan sami kwalekwale ya ƙetare ruwa.

Da yake ba mai iya karanta umarnin, yara suka raɗa wa kome suna. Abin riƙewa ya zama “hannu”. Babban abokin gaba na ƙarshen mataki ya zama “bos”, kalmar da aka riga aka aro domin mugun cikin finafinan Indiya da na Sin. Contra ya zama “kwamando”. Damar da ake ba ɗan wasa kafin a kore shi kuwa ba a sami abin kiranta ba sai “rai”, kuma nan aka yi karo da manya. Wata rana kawun ya ji yaron yana yi wa ƙaninsa alfahari cewa ransa talatin.

“Kai, mi kaka hwaɗi? Rai guda Allah Ya ba kowa, shi ma aro na.”

“Kawu, ku yi haƙuri, na cikin akwati na.”

“To ka samo mai wani suna.”

Ba a samo ba, sai dai a rage murya in yana kusa. Talatin ɗin nan tana da tarihi. Contra rai uku yake bayarwa, harsashi ɗaya kuma ya isa ya ɗauke guda. Masu tsara shi a kamfanin Konami sun ɓoye wani sirri: in aka danna sama sau biyu, ƙasa sau biyu, hagu, dama, hagu, dama, sannan B da A, sai ukun ta koma talatin. Yaran Amurka a mujallu da bakin abokai suka koyi wannan. Masu satar fasaha kuwa sai suka dafa shi tun daga tukunya, suka jera wa mai saye zaɓi: ga kwamando mai rai talatin, ga wanda ake farawa da bindiga mai watsa harsashi. Abin da yake asiri a wata ƙasa ya zo nan a matsayin yadda wasan yake.

Sai da ya shiga jami'a a Sakkwato sannan ya gane cewa wasa ɗaya yana iya zama biyu. Abokin kwanansa ɗan wani malamin jami'a ne, ya yi ƙuruciyarsa a Ingila lokacin da uban ke karatu. Hira ta kai su ga wasan nan na mutum biyu da ake farawa a daji, a haye gada tana fashewa, a hau dutse ta gefen ruwa mai gangarowa. Kome ya yi daidai, har tsarin matakan. Sai ɗan Ingila ya ce ai mutum-mutumin ƙarfe ne ake wasa da su. Ɗan Ruwan Gizo ya ce sojoji ne ƙarti, ba riga, ɗaya da shuɗin wando ɗaya da ja. Kowa ya rantse, kuma kowa gaskiya ya faɗa. A Turai an fitar da wasan cikin 1990 da sunan Probotector, an cire mutanen, na kirki da mafi yawan miyagun, an sa na'urori a madadinsu, saboda a Jamus akwai hukumar kare matasa da ke iya hana tallata wasan da mutum ke harbin mutum. Maimakon a yi wa Jamus nata daban, sai aka yi wa nahiyar gaba ɗaya kuɗin goro. Ko tsakanin Japan da Amurka akwai rata. Kaset na Japan yana da wani ƙarin guntu a cikinsa da ya sa ganyen itatuwa ke kaɗawa, dusar ƙanƙara ke zuba, ga taswira da ɗan labari tsakanin matakai. Na Amurka bai da ko ɗaya, har ma takardar bayaninsa ta ɗauke labarin daga wani tsibiri kusa da New Zealand a shekarar 2633 ta mai da shi Kudancin Amurka a wannan zamani.

Labarin da ya fi kama hankalin malamin shi ne na Mario na biyu, domin a nan ya ga abin da yake koyarwa a aji. A kaset ɗin gidansu akwai wani Mario da yara suka yi wa laƙabi da “mugu”. Kamanninsa ɗaya da na farko, amma a cikinsa akwai naman kaza mai guba, akwai iska da ke ture mutum yana tsakiyar tsalle, akwai bututun da in ka shige shi da murnar ka sami gajeriyar hanya sai ya mai da kai baya. Ba wanda ya taɓa gama shi a unguwar. Wannan shi ne Super Mario Bros. 2 na Japan, na 1986, wanda aka yi domin waɗanda suka riga suka haddace na farko. Da aka aika da shi reshen kamfanin na Amurka, sai aka ga ya yi tsanani ƙwarai, aka ƙi sayar da shi. Aka ɗauko wani wasa daban na 1987, Doki Doki Panic, aka tuɓe wa mutanensa tufafi, aka sa Mario da Luigi da gimbiya da Toad a gurbinsu, aka fitar da shi cikin 1988 da sunan Mario na biyu.

To, mutanen da aka tuɓe ɗin su wane ne? Iyali ne cikin shigar Larabawan tatsuniya, uba da uwa da saurayi mai rawani da budurwa, waɗanda suka kutsa cikin wani littafi domin ceto yara biyu da aka janye ciki. Akwai fitilar tsafi, akwai darduma mai tashi, akwai tuluna da macizai ke fitowa daga cikinsu. An mai da fitilar kwalbar magani. Wasu fuskokin dodanni da ake tarawa a taka an mai da su naman kaza. Wani kan baƙin mutum mai manyan leɓɓa da ake tsigowa daga ƙasa a yi jifa da shi an mai da shi ƙoƙon kunkuru, kuma wannan gyara ba wanda zai yi kukan rashinsa. Dardumar da tulunan da hamadar kuwa an bar su, suna nan tsakar duniyar Mario kamar baƙon da aka manta ba a sallama ba. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce ya san wannan aiki. Abubakar Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da labaran Turai da na Indiya a ƙarshen shekarun 1930, ya sa musu riga da hula, ya ba su sarki da waziri da 'yan kasuwar da Bahaushe ya sani, har mai karatu ya ɗauka a bayan gidansu aka yi abin. Masu fassara finafinan Indiya irin su Algaita a Kano suna kan wannan hanya har yau. Bambancin shi ne Imam ya kusanto da labarin Gabas ga mutanen da suka riga suka san shi ta hanyar malamai da alhazai. Su kuwa masu gyaran Mario sun goge Gabas ɗin ne domin kada ta yi wa mai saye baƙunta. Da Doki Doki Panic ne ya faɗo cikin kaset ɗin Ruwan Gizo yadda yake, da wataƙila shi kaɗai ne wasan da kawun zai kalla ya gane tufafin mutanen ciki.

Kada mai karatu ya ɗauka kullum Amurka ake sauƙaƙa wa. Sau da yawa akasin haka aka yi, kuma dalilin kuɗi ne. A Japan gyaran dokar haƙƙin mallaka na 1984 ya ba kamfanoni ikon hana bayar da hayar wasanninsu, suka kuwa hana. A Amurka shagunan haya sun ci kasuwarsu. Nintendo ya kai Blockbuster ƙara cikin 1989 a kan kwafar takardun bayani, amma dokar 1990 da ta hana hayar manhajar kwamfuta ta tsame kaset na wasa. Yaron da ya ari wasa ran Juma'a ya gama shi ran Lahadi ba zai matsa wa ubansa a saya ba. Sai kamfanoni suka riƙa ƙara gishiri. Ninja Gaiden III na 1991 a Japan yana da kalmar sirri da mutum zai ci gaba daga inda ya tsaya. A Amurka an cire ta, an ƙayyade sau nawa za a sake gwadawa, an kuma ƙara zafin dukan abokan gaba. Contra: Hard Corps na 1994 a Japan yana barin jarumi ya sha duka uku kafin ya faɗi, a Amurka ɗaya tak.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a gidan gem na Talatar Mafara, inda malamin ya koma sakandare. Mai shagon, wanda ke da injin wuta da talabijin uku, bai taɓa jin sunan Blockbuster ba, amma ya san cewa wasa mai sauƙi asara ne. Yaro ɗaya zai riƙe hannu awa guda a kan kuɗin wasa ɗaya alhali layi na jira. Saboda haka kwamando mai rai talatin haramun ne a shagonsa, sai mai uku. Wasan faɗa kuwa ya ɗaga shi zuwa mataki mafi wuya, ya hana kowa taɓa wurin saiti. Ga siga ta huɗu ke nan, bayan ta Japan da ta Amurka da ta Turai, kuma mai man fetur ne ya tsara ta.

Akwai wani bambancin da ba wanda ya zaɓe shi. Talabijin na Japan da Amurka yana sabunta hotonsa sau 60 a daƙiƙa, na Nijeriya da Ingila, mai bin tsarin PAL, sau 50. Yawancin wasannin nan da bugun hoton suke ƙirga lokacinsu, don haka in aka kunna su a na'urar da aka yi wa talabijin irin na Nijeriya, sai kome ya ragu da kashi ɗaya cikin shida. Harsashi ya yi jinkiri, tsalle ya daɗe a sama, kiɗa ya ja ƙafa. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna yadda kwafar finafinai a kasuwar Ƙofar Wambai ta saba wa masu kallo da dusashewar hoto da ƙarar sauti, har hakan ya zama wani ɓangare na yadda aka san fim. Wasannin kaset sun ƙara wani abu a kan wannan, domin jinkirin ya shiga cikin yatsun masu wasan ya zauna.

Batun abin da ake cirewa saboda ɗa'a ko addini shi ne inda kowace ƙasa ke tona abin da take tsoro. Reshen Nintendo na Amurka ya yi shekaru yana goge alamar gicciye daga kaburbura da asibitoci, yana mai da mashaya gidan shayi, yana tufatar da gumaka. Littafin da a Zelda na farko na Japan aka kira Baibul, a Amurka ya koma littafin sihiri. Mortal Kombat na 1993 a na'urar Nintendo gumi yake zubarwa maimakon jini, a ta Sega kuwa sai an danna wani sirri jinin ke fitowa, kuma rigimar da ta biyo baya a majalisar dattawan Amurka ita ta haifar da hukumar tantance wasanni cikin 1994. Musulmi ma an taɓa yin gyara dominsu: a Ocarina of Time na 1998 akwai wani wuri da aka sa sautin addu'ar Musulunci cikin kiɗansa, aka cire shi a bugu na baya, daga bisani kuma aka sauya tambarin jinjirin wata da tauraro da aka ba wata ƙabilar hamada a cikin wasan.

A Zamfara ba mai ikon buɗe kaset ya goge wani abu, saboda haka gyaran a wajen akwati aka yi shi. Lokacin da gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau cikin Oktoba 1999, ta kuma fara aiki cikin Janairu 2000, malamin yana aji uku. Abin da ya tuna shi ne jinin Mortal Kombat bai dami kowa ba. Yaron da ke riƙe ƙafar rago ran Babbar Salla ba jan ɗigo a allo zai firgita shi ba. Abubuwan da dattawan unguwa suka yi wa mai shago magana a kansu uku ne: shigar matan cikin wasan, buɗe shago lokacin salla, da kuma ƙa'idar nan ta “wanda aka ci shi ke biya”, wadda wani malami ya ce ƙanwar caca ce, tunda an shiga ba a san aljihun wa zai yi kuka ba. Mai shagon ya koma karɓar kuɗi daga kowa kafin a zauna, ya riƙa kashe inji da kiran salla, ya kuma hana a zaɓi matan. Wannan hani na ƙarshe ya ƙara wa wasan wuya ga waɗanda da su suka ƙware.

Ba da daɗewa ba PlayStation ta iso da ƙwallon ƙafa, ita ma ta ƙofar Japan: Winning Eleven, wanda Turai ta sani da ISS Pro, daga baya Pro Evolution Soccer. Yara suka haddace jerin saiti da Japananci ta hanyar ƙirga layi, suna kwaikwayon ihun mai sharhi Jon Kabira ba tare da sanin me yake cewa ba, kowa kuma yana rububin ɗaukar Nijeriya saboda gudun Tijjani Babangida, wanda a wasan nan kusan ba mai tsaron baya da ke kamo shi.

A ɗakin kwanan jami'a malamin ya yi wa Jamusawa dariya: mutanen da suka girgiza duniya da yaƙi su ne ke tsoron ɗan sojan da bai kai tsawon yatsa ba? Yanzu dariyar ba ta zuwa masa. Bindigar da ya sani a allo kaɗai ta zama abin da ɗalibansa ke bambance ƙararta da dare. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, cikin ƙaramar hukumar da aka haife shi. A watan Satumba na shekarar, zamanin gwamna Bello Matawalle, mutumin Maradun, aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da fetur. Shagon da ke rayuwa da galan ɗin mai ba ya tsira daga irin wannan. Ba ya cewa kaset ne ya koya wa kowa harbi. Yaran da suka shiga daji yawancinsu ba su taɓa riƙe hannun gem ba. Abin da ya fahimta kawai shi ne mutanen da suka ga abin da idonsu suna iya ƙin ganinsa ko a wasa, kuma ranar da ɗansa ya nemi ya nuna masa kwamando, sai ya tarar da kansa yana neman sigar Turai mai mutum-mutumin ƙarfe.

A waya ya samo su, ta wata manhaja mai kwaikwayon tsohuwar na'ura. Da ya gwada na sojojin shi kaɗai, a mataki na farko ya ƙare. Wasan yana gudu a kan 60, yatsunsa kuwa a kan 50 aka yaye su, kowane tsalle sai ya makara da ƙiftawar ido. Kamfanin Konami ya fitar da tarin wasannin Contra cikin 2019, ya haɗa na Japan da na Amurka da wasu daga cikin na Turai, kowanne da tarihinsa. Sigar da aka buga a Ruwan Gizo, mai jinkiri, marar launi, mai rai talatin, wadda hotonta ke tsukewa in batir ya fara sanyi, ba ta cikin wannan tari, kuma ba kamfanin da zai adana ta tunda ta sata ce. Abin da ya rage daga gare ta kalmomi ne. Malamin ya sa 'yan aji shida su tambayo yayyensu da iyayensu sunayen da suke kiran wasannin da abubuwan cikinsu, kowa ya rubuta garin wanda ya faɗa masa. A takardun da suka dawo, naman kazan da Mario ke ci ya girma wasu sun kira shi lema, wasu malafa, wani yaro ɗan Bakura kuma ya rubuta cewa babansa ya ce su faifai suke ce masa.